Na sayi na'urar ajiya ta hannu, fitila sai ƙiftawa take, ta ƙi tashi

Mai Hoto: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah masana ku taimaka. Shekaranjiya na sayi na'urar ajiya ta gida, irin wadda ake ce wa NAS, mai gurbin faifai huɗu. Ta hannu ce, daga waje aka kawo ta, da faifai biyu a ciki. Sana'ata ɗaukar hoton biki da suna, aiki ya taru mini a wurare barkatai, shi ya sa nake son in tattara komai wuri guda yadda ni da yarona za mu riƙa ɗauka ta kan rauta. Da na zo gida na ƙara nawa faifai biyu masu TB 4 kowanne, na jona, na danna. Shuɗiyar fitila ta fara ƙiftawa, fanka ta juya, sai na ji faya-fayan sun ɗauki gudu, can sai "tak", komai ya yi shiru, ta sake farawa. Haka take ta maimaitawa. Na bar ta kusan minti 40 ko za ta daidaita, ba ta daidaita ba. Ga hoton lambar da ke bayanta.

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam. Kafin komai ka cire ta daga kuran, wato wutar lantarki. Wannan tashi da faɗuwar ba alheri ba ne ga faya-fayan.

Ɗalibin Kwamfuta: Oga na ga hoton. Ƙirar 2014 ce, kuma furosesar cikinta, wato ƙwaƙwalwar na'urar, Intel Atom C2538 ce. Wallahi ina ganin lambar na gane. Dangin C2000 gaba ɗaya suna da sanannen lahani da ya fito fili a farkon 2017, Intel da kansu sun rubuta shi a takardunsu da suna AVR54. Akwai wani bugun agogo da furosesar ke fitarwa ta layin da ake kira LPC, ta wannan layin take karanto umarnin farko na tashi. Yau da gobe sai bugun ya yi rauni har ya mutu, daga nan na'ura ba ta ƙara tashi. Cisco ma sun yi gargaɗi a lokacin cewa kayansu masu wannan furosesa na iya fara mutuwa bayan kamar wata 18 suna aiki. Ya shafi Synology, Netgear, Supermicro da sauransu. Maganin da masu gyara suka gano shi ne a liƙa wani ɗan ƙaramin kayan lantarki da ake kira razista, mai ohm 100, a wani wuri kan fanel, wato babban allon da kayan cikin na'urar ke manne a kai. Ka kai wa mai gyaran waya da ya iya dalma, minti goma an gama.

Mai Hoto: To Alhamdu lillahi tunda da magani. Akwai wani yaro a layinmu da ya iya, bari in kai masa da yamma.

Dattijon Gyara: Dakata tukuna ɗana. Kada ka kai ta ko'ina yau.

Abin da ɗalibinmu ya faɗa game da furosesar gaskiya ne, ban ja da shi ba ko kaɗan. Amma sanin cewa ana yin wata cuta a gari bai nuna ita ce ta kama wanda ke kwance gabanka ba. Ina da tambaya uku. Lokacin da ka saya, an kunna maka ita a shagon? Idan an kunna, da faifai a ciki ko babu? Sannan ka ɗauko mana hoton rubutun da ke jikin adaftar, ba na jikin na'urar ba.

Uwar Biyu: Ni kuma tawa tambayar ta fi waɗannan gaggawa. Malam Mai Hoto, faya-fayan naka biyu da ka saka, sababbi ne ko akwai aiki a cikinsu?

Mai Hoto: Hajiya ɗaya sabo ne. Ɗayan kuwa shi ne wanda na cire daga kwamfutar situdiyo, hotunan shekara biyar ne a ciki. Na ɗauka idan na saka shi zai fito kawai kamar yadda fulash ke fitowa.

Uwar Biyu: Innalillahi. Cire shi yanzu, ka nannaɗe shi ka ajiye nesa da na'urar. Ashe ƙin tashin nan rahama ce gare ka. Waɗannan na'urori Linux ne a cikinsu, ba sa amfani da tsarin NTFS na Windows a guraben ciki. Da ta tashi ka bi matakan girkawa kana danna "na yarda", da ta goge faifan tas ta yi masa sabon tsari. Tana gargaɗi kafin ta goge, amma mutum nawa ne ke tsayawa ya karanta? Kana da kwafin hotunan a wani wuri?

Mai Hoto: Na bana kaɗai. Sauran babu. Jikina ya yi sanyi wallahi. Na cire shi, na mayar da shi kwamfuta, komai na nan. Allah ya saka da alheri Hajiya.

Uwar Biyu: Amin. Kada ya ƙara shiga cikinta sai ka kwashe abin da ke ciki zuwa wani wuri daban.

Mai Hoto: Baba ga amsar tambayoyinka. E an kunna mini. Yanzu da ka tambaya na tuna, mai shagon ya zaro faya-fayan biyu ya nuna mini lambarsu, suna kan tebur lokacin da ya kunna. Ta yi ƙiftawa kamar minti ɗaya ko biyu, ta yi "tit", fitilar ta tsaya cak. Shi ne ya ce ka ga lafiyarta ƙalau. Ga hoton adaftar.

Dattijon Gyara: Madalla. Yanzu muna da abin kamawa.

Ku duba hotunan biyu gefe da gefe. Adaftar da ake sayar da wannan ƙirar da ita bolt 12 ce, amfiya 8.33, wato wat 100. Wadda ke hannunka an rubuta bolt 12, amfiya 5, wat 60 ke nan. Ba tata ba ce. Wani ne a hanya ya ga bakin mai haƙora huɗu ya shiga, ya haɗa su.

Ga dalilin da ya sa wannan ke da muhimmanci. Babban faifai mai inci 3.5 idan yana juyawa abinsa ba ya cin wuta sosai, wat biyar zuwa takwas ne. Amma a daƙiƙun farko, lokacin da motarsa ke ƙoƙarin tayar da farantan daga tsaye zuwa juyi 5400 ko 7200 a minti, yana jan kusan amfiya 2 daga layin bolt 12. Kamar tura kura ce cike da jarkoki, tayar da ita shi ne wahala, idan ta ɗauki hanya yaro ma sai ya tura. Ka lissafa faifai huɗu, ka ƙara fanel da fankoki. Adafta ta gaza, wuta ta faɗi, na'ura ta mutu. Da ta mutu nauyi ya sauka, wuta ta dawo, ta sake gwadawa. "Tak" ɗin da kake ji hannun karatu ne na cikin faifai yake komawa mazauninsa saboda wuta ta yanke masa.

Ita kuwa cutar furosesar, ba ruwanta da ko akwai faifai ko babu. Idan bugun ya mutu, fitila za ta yi ta ƙiftawa har gobe, ba za ka taɓa jin "tit" ba ko da na'urar fanko ce. Taka ta yi "tit" shekaranjiya.

Ɗalibin Kwamfuta: Baba da girmamawa, amma lahanin ba dare ɗaya yake kashewa ba. Akwai lokacin da na'ura kan tashi yau ta ƙi gobe kafin ta mutu gaba ɗaya. Yin "tit" a shago bai wanke ta ba.

Dattijon Gyara: Haka ne, bai wanke ta ba. Shi ya sa za mu gwada maimakon mu yi ta musu. Gwajin nawa kyauta ne, kuma in na yi kuskure ba abin da ya lalace. Naka yana buƙatar a kwance ta har fanel, a sa ƙarfe mai zafi kusa da ƙafafun da ba su kai ƙwayar gero ba. In hannun yaron ya goce, an ƙara cuta ta biyu kan ta farko, kuma ba za mu ƙara sanin wace ce wace ba.

Mai Hoto, yi haka. Zare faya-fayan duka, amma ka rubuta lambar gurbi a jikin kowanne da maka kafin ka ajiye. Cire duk abin da ke ramin USB. Bar wayar rauta kaɗai. Kunna, ka ba ta minti biyar. Ka kashe, ka maimaita har sau biyar. Sannan ka sa faifai ɗaya, sabon nan da babu komai cikinsa, ka gwada. Ka ƙara na biyu, ka gwada.

Ɗan Damagaram: Nan wajenmu mutane da yawa na jona irin waɗannan kai tsaye da batirin fanno, wato na sola, tunda duk 12 ne. In yana da sola a gida ai sai ya gwada da shi ya huta da neman sharjar.

Dattijon Gyara: A'a ɗan'uwa, kada ya yi. Batirin da ake ce wa na bolt 12 suna ne kawai. Idan rana ta take yana caji yakan kai 14.4, idan ya kwana yana aiki ya sauko ƙasa da 12. Fitila da fanka ba su damu ba. Faifai kuwa wannan wutar ce ke shiga masa kai tsaye, kuma ratar da aka ba shi ƙarama ce, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari sama ko ƙasa. Ana iya yi, amma sai an sa abin daidaita wuta a tsakani wanda zai riƙe ta a 12 daram, da fis.

Tunda an zo nan bari in ƙara: kada wani ya yi gangancin sa cajar laftof. Yawancinsu bolt 19 ne. Daƙiƙa ɗaya ta isa ta ƙona diyod ɗin kariya da ke jikin kowane faifai, in an yi rashin sa'a ta wuce shi.

Ɗan Damagaram: Na gode Baba, ban san da zancen 14 ɗin ba. Zan faɗa wa wani abokina da ke yin haka.

Mai Hoto: Na dawo. Babu faifai: sau biyar na kunna, sau biyar ta yi "tit". Har manhajar neman na'urar ta gan ta a kwamfutata, ta nuna lambar da rauta ta ba ta. Da faifai ɗaya: ta tashi. Da biyu: ta tashi sau ɗaya, ta ƙi sau biyu. Da uku ko kusa.

Uwar Biyu: To ai magana ta fito.

Ɗalibin Kwamfuta: Na yarda, wannan ba kamannin AVR54 ba ne. Na yi gaggawa. Amma wat 60 ya kamata ya ɗauki faifai biyu ba tare da wahala ba, me ya sa take gazawa a biyu?

Dattijon Gyara: Tambaya mai kyau, ita nake jira. Amsar ita ce ko dai rubutun jikin adaftar ya fi abin da ke cikinta, ko kuma ta tsufa. A cikin kowace adafta akwai kafasita masu ruwa a ciki. Zafi na busar da su a hankali, wani lokaci ka buɗe ka ga kansu ya kumbura. Idan sun bushe, adafta za ta nuna maka 12 lafiya lau muddin ba a ɗora mata kaya ba. Shi ya sa awon mita kaɗai yake yaudarar masu gyara da yawa: su auna, su ga 12, su ce adafta lafiya, su koma tonon fanel.

Mai Hoto in kana son ka gani da idonka, ka ari mita, ka je wurin mai wayarin mota ka karɓo ƙwan sigina mai wat 21 guda biyu ko uku. Kowane ƙwai ɗaya na jan kusan amfiya 1.75, wato kwatankwacin faifai ɗaya a lokacin tashi. Ka auna adaftar ita kaɗai, sannan da ƙwai ɗaya, sannan da biyu a jere kowanne da wayarsa. Ka kula ƙwarai kada wayoyin su taɓa juna a bakin, haƙoran kusa suke. In ba ka saba ba ka bar mai wayarin ya riƙe maka. Kada kuma ka fasa adaftar don ganin ciki, babban kafasitan na riƙe wuta sama da bolt 300 ko bayan an zare ta daga soket.

Mai Hoto: Mun gwada da mai wayarin. Ita kaɗai 12.2. Da ƙwai ɗaya 11.6. Da biyu ta sauka 10.3, ƙwayayen suna haske suna dushewa, adaftar na wani siririn kuka. Shi kansa mai wayarin ya ce wannan ta gama yayi.

Shugaban Zaure: Na maƙala wannan zaren a sama saboda masu irin wannan matsala. A ci gaba.

Mai Hoto: Yanzu wace iri zan saya? Na leƙa wajen masu kayan kwamfuta a titin Beirut, akwai masu haƙora huɗu iri-iri.

Dattijon Gyara: Bolt 12 daidai, ba ƙari ba ragi. Amfiya 8.33 ko sama da haka. In ka sami mai 10 babu laifi, na'ura abin da take buƙata kaɗai take ja. Ka duba an rubuta tana karɓar 100 zuwa 240, don kayan Amurka wasu na 120 ne kaɗai, mu kuwa tamu 230 ce. Ka ɗaga ta a hannu, adaftar wat 100 ta gaskiya tana da nauyi.

Sai abin da ya fi duka haɗari. Wannan zagayayyen baki mai haƙora huɗu ba shi da ƙa'ida ɗaya. Wani kamfani fosatif biyu na gefe guda, wani suna sama, wani ma bolt 12 da bolt 5 ne a haɗe a baki ɗaya, irin na tsofaffin akwatunan faifai. Duk za su shiga ramin lafiya. Kada ka jefar da tsohuwar adaftar, ita ce ma'auninka: tunda ta tayar da na'urar, jerin haƙoranta daidai ne. Ka tafi da ita da mita. Ka auna haƙori bayan haƙori a tsohuwar, ka zana a takarda, ka auna sabuwar a gaban mai shago. In ba su zo ɗaya ba, ko ya rantse maka kada ka karɓa.

Uwar Biyu: Kuma ka koma wa wanda ya sayar maka ka gaya masa. Ba don rigima ba, wataƙila shi ma haka aka haɗo masa a dila. Amma ya kamata ya rage maka kuɗin adafta, kuma ya daina gwada wa mutane ita fanko.

Mai Hoto: Jama'a Alhamdu lillahi! Ta farko da aka miƙo mini a juye take, mita ta nuna alamar ragi a inda tsohuwar ke nuna ƙari. Da ban je da takardar ba da yanzu wani labarin ake. A shago na uku na sami wadda ta dace, amfiya 10. Na sa faifai uku, ta tashi karon farko, fitilun gurabe duk kore. Mai shagon da na saya wurinsa ma ya ba da haƙuri, ya mayar mini da wani abu.

Saura matsala biyu. Tana tambayata kalmar sirrin mai ita na da. Sannan jiya da aka ɗauke wuta aka dawo, na ga kwanan watanta ya koma baya da shekaru kafin ta kama intanet ta gyara kanta.

Ɗalibin Kwamfuta: Na biyun batirin kan fanel ne, ɗan ƙarami mai kama da kwabo, bolt 3. Shekara goma ta wuce ƙarfinsa. Ka karanta lambar da ke jikinsa ka sayi irinsa sak, don akwai CR2032 akwai CR1220, girmansu ba ɗaya ba. Kada ka raina shi, mataccen batiri kan hana wasu na'urorin tashi ma ɗungurungum. Tunda za ka buɗe, ka hure ƙura, ka zare RAM ka mayar ya zauna sosai. Na farkon kuma akwai ɗan rami a baya, ka sa tsinke ka danne kamar daƙiƙa huɗu har ta yi ƙara, za ta ba ka damar sa sabuwar kalmar sirri ba tare da ta taɓa abin da ke cikin faya-fayan ba. Sai ka ga me mutumin ya bari.

Uwar Biyu: Nan ne ban bi ka ba ƙanena. Me zai gani? Wanda ya sayar da na'urar ƙarfe ya sayar, bai sayar da hotunan iyalinsa da takardunsa ba. Mantuwa ya yi ko rashin sani. Malam Mai Hoto, kai da ke riƙe da hotunan amaren mutane ka fi kowa sanin nauyin wannan. Ka shiga, ka wuce kai tsaye wurin sarrafa faya-fayai, ka goge ba tare da ka buɗe jaka ko ɗaya ba.

Ɗalibin Kwamfuta: Gaskiya ne Anti, ban yi tunanin ta wannan fuskar ba. Amma kafin ya goge ya duba lafiyarsu, wannan ba ya buƙatar buɗe komai. A shafin SMART, inda faifai ke ba da rahoton lafiyar kansa, ka duba lamba 9, awannin da faifai ya yi yana aiki, da lamba 5 da 197, su ne ke ƙirga wuraren da suka lalace ko suke shirin lalacewa. Shekara ɗaya cur awa 8760 ce, sai ka raba ka san shekarunsa.

Kuma ina nan kan bakata a abu ɗaya: furosesar nan har yanzu C2538 ce. Ni da tawa ce, tunda za a buɗe don batiri, da na sa razistar gaba ɗaya na huta.

Dattijon Gyara: Ni kuma ba zan sa dalma a fanel mai lafiya ba. Wasu daga cikin waɗannan an riga an gyara su tun daga masana'anta bayan lahanin ya fito fili, wasu mai su na farko ya liƙa. In ya buɗe ya ɗauko mana hoton fanel ɗin mu gani tukuna. In babu, ya sayi razistar ya ajiye a aljihun tebur, ranar da ta ƙi yin "tit" tana fanko ya san inda zai dosa. Ko a ranar ma aikinsa bai salwanta ba, faya-fayan ana karanta su a kowace kwamfuta mai Ubuntu, wani nau'in Linux, ta hanyar manhajar mdadm. Abin kiyayewa kawai, in ya jona su da Windows ta ce a yi musu fomatin, ya ce a'a.

Abin da na fi so ya kashe wa kuɗi yanzu shi ne UPS mai wayar USB, wanda zai gaya wa na'urar an ɗauke wuta ta kashe kanta a tsanake. Canji daga wutar gari zuwa janareta sau uku a rana ya fi kashe faifai a nan fiye da komai. Ga ƙurar hunturu na tafe, kada ka ajiye ta a ƙasa.

Uwar Biyu: Kuma faifan nan na shekara biyar ya zauna a waje yadda yake. Ko ka yi RAID 5, wato tsarin haɗa faya-fayai su yi aiki tare, faifai ɗaya kaɗai take jure rasawa, kuma ba ta hana gogewa bisa kuskure, ko ɓarawo, ko tsawa. Ka kwafa zuwa cikin na'urar, ka kai asalin gidan wani ɗan'uwanka ka ajiye.

Mai Hoto: Na canza batiri, tsohon 1.9 ya nuna a mita. Na goge faya-fayan mutumin ban buɗe komai ba. Ɗaya ya yi awa dubu 31 da ɗoriya, lamba 5 da 197 duk sifili. Ɗayan lamba 197 ta nuna 48, na cire shi na ajiye gefe. Yanzu biyu ne a ciki, kowanne madubin ɗan'uwansa, ana ta kwafar hotunan 2021. Baba ga hoton fanel ɗin gaba da baya, ban ga alamar an taɓa liƙa komai ba, amma ku duba mini kusa da inda batirin yake, hasken bai fito sosai ba.

Dattijon Gyara: Hoton bayan ya yi duhu. Ka bari kwafin ya ƙare tukuna, kada ka kashe ta a tsakiya. Gobe da safe ka fito da ita tsakar gida ka sake ɗauka.